Mutumin da Ya Ceci Gada

Injiniya bai taɓa yi wa kowa mugun fata ba a duniya, in ka cire gada guda ɗaya. Ita ɗin ma ba so yake ta rufta da mutane a kanta ba, Allah ya kiyaye. So yake wata safiya gari ya waye a tarar da ita kwance cikin kogi, ba wanda ya ji ko ƙwarzane, sannan a zo a ƙwanƙwasa masa ƙofa a ce, "Ashe dai gaskiyarka ce." Ya fi shekara ashirin yana jiran wannan ƙwanƙwasar, har ya yi ritaya yana jiranta.

Gadar ta girmi duk wanda ke taka ta. Da kankare da rodi aka zuba ta tun zamanin da ake kwaɓa siminti da shebur, aka lanƙwasa mata baka uku a ƙarƙashi, babba a tsakiya, ƙanana biyu a gefe. Titi ya bi ta samansu bisa wasu 'yan siraran ginshiƙai, ya ɗan yi tudu a tsakiya, sannan ya gangara. A da duk motar da za ta ƙetare kogin ta nan take bi, daga tasi har tirela. Sai wata shekara ma'aikatar ayyuka ta aiki Injiniya ya dubo lafiyarta, lokacin yana kan ganiyarsa, yana ji da kansa. Ya shiga kwale-kwale ya je ƙarƙashin babban bakan, ya ɗaga kai, ya ga tsaga ta taso tun daga gindi har kusan ƙoli, jan ruwan tsatsa yana tsiyaya daga cikinta. Ya koma ofis ya rubuta cewa rodin ciki ya gama ruɓewa, gadar ba za ta ga damina biyu ba. Ba wanda ya ja da shi, don ba mai son a ce shi ne ya ja in abin ya auku. Aka jera manyan ganguna cike da kankare a bakin gadar ta kowane ɓangare, aka kafa allo mai jan rubutu, aka gina sabuwa can ƙasan gari, miƙaƙƙiya, mai faɗi, wadda ba wanda ya taɓa tsayawa ya ɗauki hoto a kanta.

Damina biyu suka zo suka wuce. Ta uku ta zo da ambaliyar da ta kwashe gidan mai da rabin rumfunan kasuwa, gada ko gezau. Mutane suka fara ratsawa tsakanin gangunan da ƙafa, daga baya da keke, daga baya da babur. Motoci dai ba su koma ba, don ganguna ba sa matsawa. Allon gargaɗi ya koɗe har masu koyar da tuƙi suka mai da shi wurin liƙa talla. Shi kuwa Injiniya gari ya raɗa masa Za-ta-faɗi, sunan ya bi shi har asibiti da layin karɓar fansho, har akwai waɗanda suka tashi ba su san yana da wani sunan ba.

Abin da ya rage masa shi ne ƙafarsa. Tun ranar da ya sa hannu a takardar nan bai sake taka gadar ba. A ganinsa ranar da aka gan shi a kanta, ranar ya janye sa hannunsa a gaban kowa. Wannan ba zai zama wani abu ba da a ce ba shi da kowa a wancan ƙetaren. Amma daga tagar falonsa, in ya leƙa, yana hango gadar, yana kuma hango gidan farko da ke gindinta a can, mai rufaffen shago a ƙasa da taga ɗaya a sama. Gidan yayarsa ne.

Yaya ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta yi masa wanka, ita ta dake shi, ita ta tsaya kai da fata sai ya yi karatu. Mijinta mai faci ne, a gindin gadar yake aiki, ita kuma tana cikin shagon tana sayar wa direbobi baƙin mai da fambel da fitilun mota. Da aka rufe gada, layin ya mutu a tsaye. Mijin ya kwashe kayan aikinsa ya bi motoci zuwa sabuwar gada, ya yi ta jigila safe da yamma har Allah ya karɓi abinsa. Shagon aka garƙame shi da kwaɗo. Yaya ba ta taɓa cewa "kai ka jawo mana" ba, ko sau ɗaya, kuma da ta faɗa da ya fi masa sauƙi, don ya tanadi amsa.

Yanzu ƙafafunta sun daina ɗaukarta. 'Yarta ke kula da ita, an jawo mata gado jikin taga, nan take wuni tana kallon masu ƙetarowa. Kowane ƙarshen mako Injiniya yakan ta da tsohuwar motarsa ya nufi ƙasan gari, ya sha cunkoso a shatale-tale, ya jira jirgin ƙasa ya wuce, ya hau sabuwar gada, ya hauro ta bayan kamfanin katako, ya iso gidan Yaya ta ƙofar baya, gumi ya jiƙa masa riga. Tafiyar da jikokinsa ke yi da ƙafa kafin shayi ya huce, shi sai ta cinye masa rabin safiya.

"Auta," in ji Yaya wata safiya, ba ta ko juyo daga tagar ba, "ka zo ne ko ka zagayo?"

"Ga ni a gabanki, Yaya. Ina kwana?"

"Lafiya lau. Ka zagayo ke nan." Ta nuna gadar da haɓa. "Masu zuwa ta can suke ɓullowa. Ka ga tudun can na tsakiya? Kai ake fara gani, sai kafaɗu, sai mutum ya fito gaba ɗaya. Ni tun daga kan nake gane mutum. Na ga matarka, na ga 'ya'yanka, na ga likitan da ke duba ni da ƙaton cikinsa, bai faɗa ruwa ba. Kai kaɗai ne ban gani ba."

"Yaya, ni na ga abin da ke ƙarƙashinta. Ku sama kawai kuke gani."

"To, ai mu saman muke takawa."

Ya yi yaƙe, ya ajiye ledar lemun da ya kawo. Ta bar shi ya zauna, ya sha ruwa, sannan ta juyo ta dube shi sosai, irin duban da take masa yana yaro in ya ce ya yi wanka alhali kansa kawai ya jiƙa.

"Likita ya ce idon nan tafiya yake, kuma ba irin wanda ake yi wa aiki ba ne. Da ina gani har tagarka. Yanzu tsakiyar gada ce iyakata. Ban taɓa roƙonka komai ba, Auta. Amma ina so in ga kanka ya ɓullo daga tudun can, sau ɗaya, tun ina gani."

Maganar ta soke shi, don yana son Yaya fiye da yadda ya iya faɗa. Ya ce zai duba. Ta ce ai dubawa ce sana'arsa, duk gari ya shaida. A hanyar komawa, yana tsaye yana jiran jirgi ya wuce, ya yi wa gadar addu'ar da ya saba, sai dai wannan karon har da gaggawa: in za ta faɗi ta faɗi yanzu, kowa ya huta.

Maimakon haka sai baƙi suka zo. Ana dab da shiga damina aka ga wasu mutane masu hular kwano suna lilo da igiya a ƙarƙashin bakan, suna huda kankaren da wani inji mai ƙara. Injiniya ya kalle su ta taga har wuyansa ya ƙage. Bayan 'yan kwanaki aka ƙwanƙwasa masa ƙofa. Ya gyara wuyan riga, ya buɗe.

Mutum biyu ne. Ɗaya matashiya ce mai takalmin aiki duk ƙura, ta ce ita ma injiniya ce, hukumar adana kayan tarihi ce ta turo ta. Ɗayan wani dattijo ne mai ƙamshin turare, wanda tun kafin ya zauna ya sanar cewa shi ne ciyaman ɗin kwamitin gadar, kwamitin da Injiniya bai taɓa jin labarinsa ba.

Matashiyar ta zaro wani abu daga jaka ta ɗora a teburin falo, kan ƙyallen da matar gidan ba ta yarda a ɗora masa ko kofi. Guntun kankare ne mai siffar gwangwanin madara, sai dai ya fi shi tsawo.

"Daga cikin babban bakan muka ciro shi, Baba, daidai kan tsagar da ka rubuta. Duba nan." Ta sa farce a wani layi kusa da baki. "Daga nan zuwa waje, kamar kaurin yatsa biyu, ba ainihin gadar ba ce. Shafe ne. Wani ya yi mata shi tun kafin lokacinku, ya sa ragar waya a ciki don ya kama. Wayar ce ta yi tsatsa ta fasa shafen. Cikin kuwa, ga shi ka gani da kanka."

Ya karɓa ya jujjuya shi. Launi biyu ne ƙarara, na waje fari-fari mai gari, na ciki toka-toka mai duhu, tsakuwa a cure kamar jiya aka zuba. Can ƙarshe ga gefen rodi da injin ya yanko, yana ƙyalli. Injiniya ya san kankare, ba ya bukatar a fassara masa. Da ya hau tsani a wancan lokacin ya kai wa wurin guduma sau biyu, da shafen ya zubo masa a ka ya ga abin da ke baya. Amma daga cikin kwale-kwale ya duba, ruwa na ja, mai tuƙi na ƙorafi. Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige, ya rasa inda zai sa kansa.

"Za ta kai jikokin jikokinmu," in ji matashiyar a hankali, kamar mai ta'aziyya.

"Shi ya sa muka zo mu yi maka godiya," in ji Ciyaman.

Injiniya ya ɗago ya ga ko zolaya ce. Ba zolaya ba ce. Matashiyar ta yi bayani cewa an gina irin wannan gada da yawa a zamanin, zane ɗaya, a koguna daban-daban, kuma duk sun tafi. Wasu manyan motoci ne suka yi ta dukansu da lodin da ba a yi su dominsa ba har suka gaji. Wasu an rushe su don a faɗaɗa titi. Akwai wadda aka liƙa wa kafaɗun ƙarfe har ba a gane ta. Wannan kaɗai ta rage yadda aka yi ta, saboda an rufe ta kafin zamanin ɓarnar ya zo.

"Wa ya rufe ta?" in ji Ciyaman, ya buɗe hannuwa. "Kai ne. Kai ka ceci gadar nan, ranka ya daɗe. Allon tagulla za mu kafa da sunanka a kai."

"Maganar shafen fa?" Muryar Injiniya ta fito 'yar ƙarama.

"Tana cikin rahotonmu, Baba," in ji matashiyar. "Can tsakiya. Ban taɓa ganin wanda ya karanta har can ba."

Ciyaman ya jawo kujerarsa kusa. "An ce mini tun da ka rufe ta ba ka sake taka ta ba. Gaskiya ne?"

Injiniya ya ce gaskiya ne, yana jiran dariya. Sai Ciyaman ya dafe ƙirji.

"Ka ji kishi. Mutum ya hana kansa abin da ya hana motoci. To, abu ɗaya nake roƙonka, kada ka kuskura ka taka ta kafin ranar biki. Kai za ka yanke ƙyalle, kai za ka fara wucewa, masu hoto suna gabanka. Takunka na farko shi ne bikin gaba ɗaya. In ka ɓata mana shi ba mu da wani."

Da suka tafi, matarsa ta fito daga kicin, inda ta ji komai, don ƙofar kicin ɗin ba ta taɓa rufuwa in akwai baƙi. Ta ɗauke guntun kankaren daga kan ƙyallenta, ta kakkaɓe garin.

"To, alhamdu lillahi. Ga takalminka can. Tashi ka je wa Yaya tun rana ba ta yi zafi ba."

"Ba ki ji abin da mutumin ya ce ba?"

"Na ji. Na kuma ji abin da yarinyar ta ce."

"Duka kwana nawa ne? Nan da ƙarshen wata an yi an gama. Yaya za ta gan ni, kuma ba a matsayin Za-ta-faɗi ba. Za ta gan ni ana tafa mini. Wanne ya fi?"

"Ita ba ta ce tana son tafi ba, Baban yara."

"Ke dai ba ki san yadda ake tafiyar da irin waɗannan abubuwa ba."

Ta ce gaskiya ne, ba ta sani ba, ta koma kicin, tukwane suka ji a jikinsu.

Shi kuwa a ransa ya ga lissafin ya fita tsaf. Shekara da shekaru yana ganin sai dai ya zaɓi ɗaya, ko sunansa ko Yaya. Ga shi an kawo masa duka biyun har falo, abin da ake nema a wurinsa kawai ya ɗan jira, kuma ba abin da ya ƙware a kai kamar jira. A ƙarshen makon ya zagaya kamar kullum, ya shiga da fara'a, ya gaya wa Yaya za a yi biki, za a karrama shi, ranar ta zauna a taga ta ga abin da take so. Maganar shafe bai ɗauko ta ba.

"Karrama ka za a yi? Da ka yi me?"

"Da na ceci gada."

Yaya ta fashe da dariya har tari ya sarƙe ta, sai da 'yarta ta kawo ruwa. "Allah ya kai mu," ta ce.

Ƙarshen wata ya zo ba a yi biki ba, allon tagulla bai iso ba. Da ya iso aka tarar ya fi wurin da aka tanadar masa girma, aka mayar. Da aka gyara, babban baƙon da zai zo ya yi tafiya. Da ya dawo damina ta kankama, Ciyaman ya ce ba zai ajiye manyan mutane a rumfa ruwa na dukansu ba. Injiniya ya ɗinka sabbin kaya, ya rubuta jawabi yana karanta wa madubi. Gari ma ya sauya masa. Waɗanda suka yi shekaru suna kiransa Za-ta-faɗi yanzu sai su tare shi a hanya su ce su dama tun can sun san akwai hikima a cikin abin. Ya ji daɗin hakan ƙwarai. Har ya fara tuna cewa a cikin kwale-kwalen nan, in bai manta ba, ya ɗan yi tunanin tarihi.

Sau ɗaya dai ya kusa. Wata safiya ya tashi da Yaya a ransa, ya sa takalmi ya gangara har bakin gangunan, ya dafa ɗaya. Ga gidan can, ba nisa, yana ganin har labulen tagar. Sai mai askin da ke da rumfa a wurin ya leƙo ya ce, "A'a, Yallaɓai, ba dai yau ne bikin ba a gaya mana ba?" Injiniya ya ce shi ganguna ya zo dubawa. Ya ɗan ƙwanƙwasa gangar da yatsa, ya gyaɗa kai alamar ta gamsar da shi, ya koma gida ya ɗauki mota.

Yakan zauna gefen gadon Yaya ya karanta mata jawabin, ita kuma ta saurara fuskarta na wajen taga. Wata rana ta miƙa hannu za ta ɗauki kofi ta kama iska, ta sake lalubawa ta same shi. Ya gani, ya ce a ransa gajiya ce, ya ci gaba daga inda ya tsaya. Ta daina tambayarsa ko ya zo ne ko ya zagayo, shi kuma ya ɗauka ta haƙura ne tana jiran rana.

Ranar ta zo bayan ruwa ya ɗauke. An janye gangunan da katafila, an share gadar, an kafa rumfuna da kujerun roba a bakinta, an ɗaura lasifikoki a turakun fitila har wancan ƙetaren, don Ciyaman ba ya son a ce akwai wanda bai ji shi ba. Ya yi magana har inuwa ta sauya wuri. Matashiyar ta yi tata gajeriya, ta ce tun kafin damina suka huda kankaren suka tabbatar gadar lafiyarta ƙalau, suka kuma je har gida suka shaida wa Baba. Aka tafa. Aka yaye zanen da ke rufe da allon tagulla, Injiniya ya ga sunansa na gaskiya, wanda shi kansa ya kwana biyu bai ji shi a bakin kowa ba. Aka miƙa masa almakashi ya yanke ƙyalle.

Sai ya taka. Da farko a ɗarare ya ɗora ƙafa, saboda jiki bai karanta rahoto ba, amma gadar tana nan daram. Masu hoto suna tafiya da baya a gabansa, wani ya ce ya rage sauri, wani ya ce ya kalli kogi kamar yana tunani. A bayansa manyan baƙi, a bayansu gari gaba ɗaya. Da ya fara hawa tudun tsakiya sai ya miƙe wuya, ya cire hula don kansa ya fito sosai. Ga tagar can a buɗe, ga wani abu fari a cikinta, mayafin Yaya. Ya ɗaga hannu ya kaɗa mata. Jama'a suka ɗauka su yake wa, suka ƙara tafi. Hawaye suka cika masa ido, na gaske, don ya daɗe bai ji farin ciki irin wannan ba.

A wancan bakin ya zame daga cikin masu gaisuwa, ya shiga ta ƙofar gaba, ta gefen rufaffen shagon, ya hau matakala yana haki. 'Yar Yaya ta tare shi a saman bene ta ce, "Kawu," kamar za ta ƙara wani abu, sai ta matsa ta ba shi hanya.

Yaya na zaune a gado an jingina ta da filo, ta sa mayafinta na fita, fuskarta na wajen taga.

"Yaya, na zo."

"Auta ne?" Ta juyo, amma idonta ya sauka a jikin ƙofa, nesa kaɗan da inda yake tsaye. "Na ji ka a lasifika. Sannu da biki."

"Kin gan ni? Na cire hula, na ɗaga miki hannu."

"Yarinyar nan ta gaya mini. Tana tsaye a nan tana ce mini ga Kawu can, ga Kawu can." Ta shafa gefen gadon. "Zo ka zauna. Ni yanzu haske kawai nake gani, shi ma sai in rana ta yi. Ko ƙarfen tagar nan sai na taɓa."

Ya zauna. Ya buɗe baki zai ce me ya sa ba a gaya masa ba, maganar ta mutu a bakinsa, don an gaya masa, da wuri ma. A waje ana ta cigiyarsa a lasifika, za a ɗauki hoto da manyan baƙi.

"Wannan mai jawabin," in ji Yaya, "ta ce tun kafin damina suka je gidanka suka gaya maka ba abin da zai sami gadar. Haka ne?"



"Haka ne, Yaya."

Ta gyaɗa kai. Ta lalubo hannunsa ta riƙe, ta ɗan bubbuga shi a hankali. Ba fushi a fuskarta ko kaɗan, shi kuma da fushin ya gani da ya fi son haka.

"Kafin damina ina gani har tsakiyar gada," ta ce.

Lasifika ta sake kiran sunansa, wannan karon har da lakabin wanda ya ceci gada. Yaya ta saki hannun.

"Tashi ka je, Auta, suna jiranka. Ka bi ta duk inda ka ga dama. Ni yanzu duk ɗaya ne."